Amsoshin Tambayoyinku: Bulubari da Maganar Mantuwa

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Daga birnin Maradi muke gaishe ku, na cikin gari da na karkara, har da ƴan'uwa na tsallaken iyaka wajen Jibiya da muryarmu ke kai musu. Filin amsoshin tambayoyinku ne. Tun makon jiya saƙonni ke ta shigowa a kan abu guda, wani ɗan itace da bidiyonsa ke yawo a WhatsApp ana cewa maganin mantuwa ne. Shi ya sa yau na roƙo Hajiya ta zo, wadda ta daɗe tana aikin abinci mai gina jiki a gidajen likita na jihar nan. Hajiya, barka da zuwa, ya gajiya?

Hajiya: Gajiya ta bi lafiya, ɗana. Ina gaida masu saurare.

Mai gabatarwa: Takarda ta farko daga unguwar Zariya ta fito, wata baiwar Allah ce ta rubuto. Ta ce: "Mahaifiyata ta haura shekara 70. Tun bara ta fara mantuwa, sai ta ajiye carbi ta yi ta nema, ko ta tambaye ka abu ɗaya sau uku a zama guda. Na ga bidiyo ana cewa wani ɗan itace mai suna bulubari yana dawo da ƙwaƙwalwa. Wani mai sayar da magani ta waya ya ce yana da garinsa a gwangwani, jika 15. Mene ne wannan abu, kuma in saya?"

Hajiya: Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ƴata Allah ya ba ki masu yi miki. Bari in fara da abin kansa, don na tabbata cikin masu jin mu kaɗan ne suka taɓa riƙe shi a hannu. Ɗan ƙanƙane ne, bai wuce girman ƙwayar gujiya ba, shuɗi mai duhu kamar rinin baba, da wata ƴar ƙura fara-fara a fatarsa. A baki zaƙi-zaƙi ne da ɗan tsami. Itacensa ba bishiya ba ce, ya fi kama da sabara a tsayi. Masu Faransanci za su gan shi a kwali da sunan mirtil. Asalinsa Arewacin Amurka, inda mutanen ƙasar na asali suke tsinkar shi a daji suna shanyawa tun kafin zuwan Turawa. Noma shi kuwa bai daɗe ba. Wata ƴar manomi mai suna Elizabeth White da wani masanin tsirrai, Frederick Coville, su suka zaɓo iri daga daji a jihar Niyu Jasi, suka kai amfanin farko kasuwa a 1916.

Mai gabatarwa: To me ke cikinsa da ake ta wannan kururuwa?

Hajiya: Launin. Abin da ke rina shi shuɗi wani sinadari ne da ake kira antosiyanin. Kada sunan ya tsorata kowa, duk macen da ta taɓa jiƙa zoɓo ta san shi, ba ta dai san sunansa ba. Ki matsa lemun tsami a ruwan zoɓo, ya ƙara ja kamar garwashi. Ki jefa ƴar kanwa, ya koma baƙi-baƙi mai ratsin shuɗi. Wannan abin da ke sauya launi a gaban idonki, dangin wanda ke cikin bulubari ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mai gabatarwa: Wato Hajiya kina cewa abin da ake sayarwa jika 15 yana cikin zoɓon dala biyar?

Hajiya: Kada ka yi mini riga malam masallaci, za mu zo nan. Bari in ba ƴar nan tawa haƙƙinta tukuna, don masu bidiyon ba daga iska suka ɗauko maganar ba. Akwai bincike, kuma gara ta ji shi yadda yake.

A 1999 wani masani a Jami'ar Tufts da ke Boston, James Joseph, ya ɗauki tsofaffin ɓeraye ya riƙa haɗa musu bulubari a abinci har sati 8. Waɗanda suka ci sun fi sauran iya tsayawa a kan sanda ba su faɗo ba, kuma ƙwaƙwalwarsu ta fi riƙe hanya. Daga nan sunan ɗan itacen ya tashi. Amma ɓera ɓera ne.

Sai 2012, masu bincike na Jami'ar Harvard ta Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata ma'aikatan jinya sama da 16,000, duka masu shekara 70 zuwa sama. Sun daɗe suna tambayar su abin da suke ci, kuma suna gwada ƙwaƙwalwarsu lokaci-lokaci. Suka ga waɗanda suka fi cin bulubari da sitiroberi, raunin da tsufa ke kawo wa ƙwaƙwalwa ya yi musu jinkiri, har kusan shekara biyu da rabi. Wannan shi ne adadin da kuke ji a bidiyo. Abin da mai bidiyo ba zai ƙara ba, matan da suka fi cin ƴaƴan itacen nan su ne kuma suka fi motsa jiki, suka fi abin hannu. Ka duba nan Maradi. Gidan da ake cin tuffa kullum, shi ne gidan da in kan mutum ya sara za a ɗauke shi a mota zuwa likita. In tsoffin gidan suka daɗe da hankalinsu, tuffar ce ko aljihun? Masu binciken sun yi ƙoƙarin ware wannan a lissafi, amma irin wannan bibiyar ba ta iya raba gardama.

Wanda ya fi kusa da raba gardama shi ne a raba mutane gida biyu da ƙuri'a, a ba waɗansu abin gaske, waɗansu a ba su gari mai kama da shi wanda babu komai ciki, ba wanda ya san nasa. An yi haka a Landan, aka buga a 2023. Mutum 61 ne, daga shekara 65 zuwa 80, kowace rana giram 26 na busasshen garin bulubari, wanda ya yi daidai da giram 178 na ɗanye, har sati 12. Waɗanda suka sha na gasken, jijiyoyin jininsu sun fi buɗewa, awon jininsu na sama ya sauka da maki uku da ɗoriya, kuma sun ɗan fi sauran a gwajin tuna kalmomi. Abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai a riƙe abu uku. Mutanen lafiyayyu ne, babu mai ciwon mantuwa a cikinsu. Ƙarin da aka gani ɗan kaɗan ne, na takardar gwaji, ba irin wanda za ki gani da ido a tsakar gida ba. Kuma ƙungiyar masu noman bulubarin ce ta ba da kuɗin aikin. Ban ce an yi maguɗi ba, amma mai tallar fura ba ya cewa nononsa ya yi tsami.

Mai gabatarwa: To a taƙaice, ta saya ko kada ta saya?

Hajiya: Kada ta saya. Mu yi lissafi ma. Giram 26 sau kwana 84, ya haura kilo biyu. Gwangwanin nan nasa nawa ne nauyinsa? In ta bi awon da aka yi aiki da shi a Landan, gwangwani nawa za ta saya kafin wata uku? Sannan wa ya buɗe ya tabbatar mata abin da ke ciki bulubari ne, ba garin rogo da kala ba? Kuma ko da na gasken ne tsantsa, ba a taɓa nuna cewa yana dawo da ƙwaƙwalwar da ciwon mantuwa ya riga ya taɓa ba. Har tsarin abinci guda da masana na birnin Shikago a Amurka suka haɗa musamman don ƙwaƙwalwa, mai ganye da ƴaƴan itace irin waɗannan da kifi da wake, da aka gwada shi a kan mutum 604 tsawon shekara 3, sakamakon da ya fito a 2023 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu da waɗanda aka ce su rage ci kawai. Duka ɓangarorin sun ɗan samu ci gaba.

Ni da jika 15 ɗin nan a hannuna take, gidan likita zan kai Inna. A auna mata jini a ga ko yana hawa. A auna suga. A duba ko jininta ya yi ƙaranci. Sannan, wannan shi ne wanda kowa ke mantawa, a duba kunnenta da idonta. Kin ce tana tambaya sau uku. Na sha ganin tsohuwar da aka yanke wa hukuncin ruɗewa, ashe amsar ce ba ta ji, kunya kuma ta hana ta cewa a ɗaga murya. Wata kuma yana ce a idonta, carbin yana gabanta ba ta gan shi ba. Akwai mantuwar da maƙoƙo ke kawowa, akwai ta rashin bitamin B12, akwai ta baƙin ciki bayan rasuwar miji, akwai wadda wasu magunguna ke jawowa. Waɗannan duka ana iya yi musu wani abu. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024, irin su hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, taba, zaman kaɗaici da rashin motsa jiki, ya ce da za a kawar da su da an kauce wa ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwar tsufa. Babu bulubari a jerin.

Kuma tunda bakina ya zo nan, bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tsohuwa ta fara sambatu, ta fita da dare ta rasa hanyar gida, sai ka ji an fara raɗe-raɗin mayya ce, ko iskoki ne suka shige ta. A ja jikoki daga jikinta, a rufe ta a ɗaki ita kaɗai. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda ake ciwon ƙoda, kuma kaɗaicin nan ƙara shi yake yi. A bar ta a tsakar gida cikin mutane, a ba ta wake ta tsince, a bar ta ta yi wa yara gatana ko da ta maimaita ta jiya.

Mai gabatarwa: Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. To Hajiya, zoɓon da kika ce in jira.

Hajiya: Yauwa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin mutum ba, amma kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka ita ke shanyewa. Kamar garka take, rayuwarta a kan magudanar ruwa. In jini yana hawa shekara da shekaru, ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita sai su ƙanƙance su toshe, wani fegi ya bushe, wani ya bushe, mutum bai sani ba sai mantuwa ta bayyana, ko a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Yawancin masana suna ganin ta wannan hanyar ce bulubari ke ɗan taimakawa. Launin nan kaɗan ne ke shiga jini yadda yake, ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji ne ke farfasa shi, gutsattsarin su shiga jini su sa jijiyoyi su saki jiki.

To zoɓo, shi aikin da aka gwada shi a kai shi ne hawan jini. A jami'ar nan ta Tufts dai, a 2010, an ba mutum 65 masu ɗan hawan jini kofi uku a rana har sati 6. Masu shan zoɓon, awonsu na sama ya sauka da wajen maki 7, sauran kuwa da wajen maki ɗaya. Saboda haka kada wani ya fita ya ce Hajiya ta ce zoɓo maganin mantuwa ne. Na ce yana taimaka wa magudanar, kuma a gefen gonar kowa yake.

Ba shi kaɗai ba. Ɗinya in ta nuna ta yi baƙi, yara su dawo da baki kamar sun sha tawada. Albasar Galmi mai jar riga. Rumman da ke saukowa daga Timiya. Jar dawa ma tana da irin nata launin. Sai ganye, wanda ni a gurina ya fi duka: zogale, rama, yakuwa, tafasa, lalo, alayyafo. Masanan Shikago ɗin nan sun bibiyi tsofaffi 960, suka ga masu cin ganye kullum sun fi daɗewa da kaifin tunani nesa ba kusa ba. Shi ma bibiya ce, tambayar tuffa da aljihu tana nan. Amma ganye a nan ba abin mai kuɗi ba ne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wa ya fi mu?

Mai gabatarwa: Ga wani gajeren saƙo daga Dakoro da ya dace da nan. Wani dattijo ne, ya ce yana da ciwon suga da hawan jini, ko zai iya shan zoɓon?

Hajiya: Baba, ba na leda ba. Wanda ake ƙullawa a sa a firigo, sukarin da ke ciki ya fi zoɓon yawa. A jiƙa maka a gida da ruwan zafi, a sa citta ko kanumfari, ba sukari ba kanwa, don kanwa kashe launin take. Ka faɗa wa likitanka kana sha, tunda kana kan magani kada jinin ya sauka fiye da kima. Kuma kada ka ajiye ƙwayoyinka don zoɓo, ko na kwana ɗaya.

Mai gabatarwa: Sai Tasawa. Wata ɗaliba ce mai shirin jarrabawar bak, ta kammala sakandare. Ta ce tana karatu har ƙarfe biyun dare, da safe ta nemi abin a kanta ta rasa. Ta ji an ce ƴan makaranta a Turai bulubari ake ba su.

Hajiya: An taɓa gwadawa a Jami'ar Reading ta Ingila, da yara ƙalilan masu shekara 7 zuwa 10. An ba su a abin sha, cikin ƴan awoyi suka ɗan fi tuna kalmomi. Iyakarta ke nan, ba a ce sun ci jarrabawa ba. Ke kuwa ƴata, amsarki tana cikin takardarki. Ƙarfe biyun dare! Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ɗaure abin da aka karanta da rana. Kina zuba hatsi a buhu, kina hana a ɗinke bakinsa. Ki rufe littafi da wuri, ki tashi da asuba ki maimaita. Ki karya kumallo kafin ki tafi lakwal, ko kunu da ƙosai ne. Ki je a duba jininki, don ƴan mata da yawa suna yawo da ƙarancin jini saboda al'ada, kuma yana kawo kasala da rashin riƙe karatu. Wake, ganye, hanta in an samu, a haɗa da lemun tsami ko kwalba da nono ta ƴaƴan kuka don jiki ya fi jan sinadarin ƙarfen. Shayi kuma a ba shi tazara da abinci, yana hana jan ƙarfen. In wani a ajinku ya miƙo miki tramol wai don a kwana ana karatu, ki gudu. Yana jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, kuma in ya kama mutum sakinsa sai an sha wuya.

Mai gabatarwa: Wannan takardar kuma ta ba ni dariya, amma mai ita da gaske yake. Manomi ne daga Jiratawa. Ya ce tunda abin yana da tsada haka, ina zai samu iri ya shuka a garkarsa?

Hajiya: Ai Bamarade ke nan, kowa na maganar magani shi ya hango kasuwa! Malam, ina jinjina maka, amma ka riƙe kuɗinka. Itacen nan yana son ƙasa mai tsami sosai, awon tsaminta tsakanin 4.5 da 5.5, har ruwan ban-ruwan sai an tsamama shi. Saiwarsa siririya ce kamar gashi, a sama-sama take, ƙasa na yin zafi ta ƙone. Irin na asali kuma sai ya sha sanyin ɗaruruwan awoyi kafin ya yi fure, sanyin da hunturunmu bai kai ba. Za ka ce Peru fa, wadda yau ta fi kowace ƙasa fitar da shi waje, ba a hamada take noma shi ba? Haka ne, amma hamadarsu a bakin teku mai ruwan sanyi take, ba ta san zafin watan Afrilu na Maradi da ke haura 40 ba. Sun samo iri marar buƙatar sanyi, da yawa a cikin tukwane suke dasawa da ɓawon kwakwa maimakon ƙasa, ruwa ɗigo-ɗigo ta tiyo. A nahiyarmu Maroko da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe suna yi, Turai suke kai mafi yawa. Da hannu ake tsinka ɗaya-ɗaya, kuma daga gona sai ɗakin sanyi, in ba haka ba kwana kaɗan ya lalace. Kai da ke kan zogalen da ake lodi daga yankinku zuwa Yamai, ka ƙara masa fegi, ka kewaye da yakuwa. In ka iya shanya su a inuwa, ba ƙasa ba ƙura, ka ƙulla da tsabta, ba za ka rasa mai saye ba.

Mai gabatarwa: Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Akwai takardar wata uwa daga Madarunfa a kan yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa kai, da wata daga Gidan Rumji a kan gishiri mai iyod. Mun ajiye su, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Hajiya: Ɗana, ba ni rabin minti, ƴar Zariya ban gama da ita ba. Ranar da za ki kai Inna, ki tattara duk abin da take sha a leda guda, na farmasi da na gargajiya da wanda aka sayo a tebur, ki zube wa likita a gabansa. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta awon jininta da kwanan wata. In kuma wata rana kika ga bakinta ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe mata farat ɗaya, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye. A nemi abin hawa a lokacin.

Mai gabatarwa: Mun gode, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Masu saurare, a ci gaba da aiko da takardu, a rubuta gari ko unguwa. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.